Ranar Da Na Sha Romon Makokina

Masu turo mini saƙo kuna tambaya wai da gaske ne na mutu, ku kwantar da hankalinku. Ni ce dai Dorianarku, da hannuna nake wannan rubutu, ina zaune a kan matakalar motarmu da silifas ɗin Kaka a ƙafata. Ko ƙwarzane ban yi ba. Amma fa an kawo mini abincin makoki har gida, na ci, na kuma nemi ƙari. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, don na ga akwai sababbin shigowa.

Mu 'yan tafiya ne. Duk garin da ake bikin waliyyinsa a nan yankin Puglia, za ku same mu a filin bayan gari mun kafa Kububuwa. Kububuwa ita ce jirgin wasanmu, wanda ke hawa can sama a kan dogo ya gangaro da mutane suna ihu suna kiran iyayensu mata. Kakana ya saye ta, Babana Ottavio ya gaje ta, ni kuma nake zama a akurkin tikiti. Mahaifiyata ta rasu tun ina rarrafe, Kaka Addolorata ce ta raine ni a cikin doguwar motar nan mai labulen leshi da hotunan waliyyai a ƙofar firji. Mutanen da gidajensu ba su da taya kuwa, 'yan zaune muke ce musu.

Saverio ɗan zaune ne, direban motar asibiti a nan garin Castelvento. Bara waccan aka turo motarsu ta tsaya a bakin filinmu don ko-ta-kwana. Kullum sai ya zo ya sayi tikiti, amma ko sau ɗaya bai hau ba. Ranar da na tambaye shi dalili, ya sosa ƙeya ya ce shi layin yake so, ba jirgin ba. Daga nan na san na shiga uku.

Baba bai ƙi shi ba. Abu ɗaya ya ce da muka dawo garin bana, kuma Baba in ya faɗi magana ko da guduma ba a tanƙwara ta:

"Ba zan ba da 'yata ga gidan da uwar miji ba ta taɓa taka matakalata ba. Ta zo, ta zauna, ta ci abinci a teburina, sannan a yi zance. In muka naɗe Kububuwa ranar Litinin ba ta zo ba, ki cire yaron nan daga ranki, don ba za mu sake kafawa a garin nan ba."

Uwar mijin kuwa ita ce Donna Nunzia, tela, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ita ke jan matan coci a gaba in ana zagayen waliyyi. Ta rantse ƙafarta ba za ta taka filin wasa ba. Ba ta san mu ba, amma a ganinta ta san Kububuwa ciki da waje, domin duk jirgin wasan da ya taɓa lalacewa a duniya yana cikin wayarta. Na Amurka, na Sin, na ƙasar da ban ma san da ita ba. Kowace safiya sai ta tura wa ɗanta bidiyo ɗaya, a ƙasansa ta rubuta kalma biyu kacal: *Ka gani?*

Ranar Alhamis da yamma aka fito da mutum-mutumin San Rocco, waliyyin garin, aka zaga gari da shi. Na ci kwalliya ta gani ta faɗa. Na sa sabuwar rigata mai ruwan ɗorawa, doguwa, mai tattara a ƙugu da ƙananan maɓallai a baya, na saki gashina, na sa 'yan kunnen mahaifiyata. Saverio ya ja hannuna har gaban uwarsa a ƙofar coci.

"Barka da yamma, Donna Nunzia."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, a hankali, irin duban da tela ke yi wa ɗinkin wani.

"Rigar ta yi kyau," ta ce. "Ko daga birnin Bari aka hango ki, ba za ki ɓata ba."

Matan da ke bayanta suka rufe baki da mafici suna ƙyalƙyala dariya. Jama'a, na ji kunya, kuma na ji haushi. Ina isa gida na tuɓe rigar na wurga wa Kaka.

"Ga shi, ki sa wa mutanenki. Ni na gama da ita."

"Ja'ira, sabuwar riga? Kin haukace ne?"

"Ki sa musu, na ce."

"To uwar tsiwa. Dama Peppina ta daɗe tana yawo da tsumma."

Dole in yi muku bayanin Peppina. Kowace safiya, kafin mai rai ya hau Kububuwa, sai an zaga da ita ɗauke da buhunan yashi masu nauyin mutum. Bayan su sai wani na gida ya hau, sannan a buɗe wa baƙi. Sauran 'yan tafiya buhu kawai suke ɗorawa su ɗaure. Kaka kuwa ta ce Kububuwa ba ta ɗaukar tsirara, rashin sa'a ne. Saboda haka ta ɗinka musu kai da hannuwa, ta sa musu tsofaffin kayanmu, ta raɗa musu suna. Akwai mai kwat ɗin marigayi Kakana, akwai mai hular Baba. Peppina ce 'yar lelenta, har gashi ta yi mata da baƙin zaren ulu.

Jiya Asabar da safe ina shara a ƙarƙashin dogo, sanye da tsohon kayan aikin Baba mai maiƙo, na cusa gashina cikin hula. Baba ya tayar da jirgin. Ya hau, ya gangaro, ya sake hawa. A daidai kwanar da ta fi tsayi sai ɗinkin gindin Peppina ya ɓarke. Yashi ya tsiyaye kamar an kwance bakin buhun gero, baiwar Allah ta rame nan take, ta zame ta ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe cinya, ta yi sama. Ta wuntsila, gashi na tashi, rigata na kaɗawa, ta faɗa cikin ciyawa bayan shinge.

Baba ya tsayar da jirgi ya juyo wajen Kaka.

"Mama, sau nawa zan ce ki bar ni in sayo buhu na kirki?"

"Zaren zamani ne ba shi da albarka! Kai da ka iya, me ya hana ka ɗinka?"

Ni kam dariya na yi har na riƙe ciki. Ba mu san wani yana tsaye a barandar benen da ke kallon fili yana ɗauka da waya ba.

Ban gama shara ba na ji jiniya. Motar asibiti ta shigo fili da gudu har tana tayar da tsakuwa, tun ba ta gama tsayawa ba Saverio ya diro. Ya wuce ni, wallahi har kafaɗarsa ta goge tawa bai gane ni ba. Ya tsallake shinge, ya durƙusa a gaban rigar, ya kai hannu ya juya ta. Da ya ga fuskar buhu da idanun maɓalli sai kawai ya zauna daɓas a ƙasa.

Na matso na cire hula.

"Saverio. Ga ni nan."

Ya kama ƙafar wandona mai maiƙon nan ya riƙe gam, kamar yaron da ya ɓata a kasuwa aka gano shi. Baba yana tsaye yana kallo, kuma karo na farko bai yi gyaran muryar da ya saba yi in ya ga Saverio kusa da ni ba. 'Yan uwa, in na ce ban ji daɗi ba na yi ƙarya. Ban taɓa sanin haka nake a ransa ba.

Sai dai mai barandar nan bai daina ɗauka ba. Yanzu bidiyonsa yana da yarinya mai rigar ɗorawa tana faɗowa, yana da motar asibiti, yana da saurayi durƙushe a kanta. Kuma duk garin nan babu wanda bai ga rigar a jikina ranar Alhamis ba.

Wayata ta fara rawa ba ƙaƙƙautawa.

*Dori don Allah ki ɗauka.*

*Allah ya ji ƙanki ƙawata, ba zan manta da ke ba.*

*Dama na faɗa, waɗannan ƙarafan duk tarkon mutuwa ne.*

Wata da muka yi makaranta tare, wadda rabona da ita tun muna yara, har ta sa hotona da baƙin zaren makoki a gefe. Hoton ma wanda na fito da ido ɗaya a rufe.

Kafin hantsi ya yi zafi 'yan talabijin na yanki sun iso. Wata mai jan baki da makirufo ta tsaya ta juya wa Kububuwa baya tana cewa "jirgin tsoro", tana cewa "ana fargabar". Baba ya ɗauko Peppina ya ɗaga ta a gaban kyamara don kowa ya ga buhu ce. Kun san abin da suka yi? Da suka nuna a labarai sai suka rufe ta da hazo, wai saboda masu raunin zuciya. Abin da mutane suka gani shi ne Babana, fuska a murtuke, rungume da wani abu mai ruwan ɗorawa, hannu ɗaya yana lilo.

Injiniyan hukuma ya zo ya bi dogo ƙusa-ƙusa, ya ce lafiyar Kububuwa ƙalau, a daina dai sa wa buhu riga. Wannan ba wanda ya yaɗa shi. Ni ma na ɗauki kaina a waya ina ɗaga hannu ina cewa ga ni da raina. Wani ya rubuta a ƙasa wai tsohon bidiyo ne. Wata ta ce ƙanwata ce, muna kama. Ni da ba ni da ƙanwa!

An kira Saverio ya kai wani mara lafiya Bari. Daga hanya ya turo:

*Mama ta kashe waya.*

*Na aika maƙwabciya, ta ce ta ƙi buɗe ƙofa, amma tana jin ƙarar tukwane.*

Na rubuta masa: *Ƙila biki take yi.* Na goge. Na rubuta: *Ka tuƙa a hankali.*

Da azahar na shiga ɗakina na can ƙarshen mota, na wanke maiƙo, na sa wata tsohuwar riga mai ruwan toka. Baba yana waje wajen injin. Ina taje gashi na ji an taka matakala. Ta farko tana da ƙara, duk wanda ya hau sai ta yi kuka. Na leƙa ta gefen labule.

Donna Nunzia ce. Baƙaƙen kaya tun daga ɗankwali har takalmi, idanu sun kumbura, kwando babba a hannu an rufe shi da farin ƙyalle.

Kun dai san al'ada. Gidan da aka yi rashi ba a kunna wuta. Mutane ne ke kawo abinci, da farantansu da cokulansu da shimfiɗar teburinsu, su zuba wa masu makoki, su kwashe kwanukan ba a wanke ba. Mu 'yan tafiya in aka yi mana rashi a garin da ba namu ba, wa zai kawo mana? Da mahaifiyata ta rasu, Kaka ta ce burodi busasshe suka ci.

Kaka ta dube ta, ta dubi kwandon. Na ga ta gane, na kuma ga ta ja bakinta ta yi gum. Tsohuwar nan sai Allah.

"Sannu, Donna Addolorata," in ji Donna Nunzia, muryarta a dashe. "Ban san ko akwai mai kawo muku ba. Na ce ba za ku kwana da yunwa a garinmu ba."

"Shigo, 'yata. Zauna."

Ba ta zauna ba. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a teburinmu, ta jera faranti, ta fito da tukunyar romon kaza mai ƙananan curin nama da 'yar taliya, da burodi, da kofi da sukari a ƙulle. Tana yi tana magana, ba ta kallon kowa.

"Sau ɗaya na taɓa yi mata magana. Sau ɗaya tak, kuma a kan rigar nan ce. Ta zo ta gaishe ni da ladabinta, na sa mata suka yi mata dariya. Rigar kuwa ta yi mata kyau, Allah ya sani ta yi mata kyau, abin da ya ba ni haushi ke nan. Na kashe waya don ba zan iya jin muryar ɗana ba. Me zan ce masa? Tun da ya san ta yake waƙa a banɗaki, yaron da tun rasuwar ubansa ban ji ya yi ko fito ba."

Ta share ido da gefen ɗankwali. Ni kuma a bayan labule hawaye ya cika mini ido, ga dariya tana neman ƙwace mini, ga tsoro. Na ce a raina, Doriana, in kika ƙara minti ɗaya a nan kin zama muguwa. Na ɗaga labule na fito.

"Barka da rana, Donna Nunzia."

Ludayi ya faɗi daga hannunta. Ta yi alamar gicciye, ta ja baya har ta zauna a kujerar Baba ba ta sani ba. Na durƙusa a gabanta. Ta kai hannu ta taɓa kumatuna, ta taɓa gashina, ta matsa kunnena har na ji zafi.

"Da ɗuminki," ta ce.

"Buhun yashi ne ya faɗo. Ni na ba da rigar aka sa masa."

Ta ƙura mini ido. A hankali na ga jini yana dawo mata fuska, ya dawo har ya yi yawa. Ta miƙe ta fara tattara faranti.

"Kun mai da ni abin dariya. Na ratsa dandali da baƙaƙen kaya da kwando, kowa ya gan ni!"

Kaka ta ɗora tafin hannunta a kan murfin tukunya.

"Haba Nunzia. Ke da kike jan matan coci, ni zan koya miki? Abincin makoki ba ya komawa gidan da ya fito. In ya koma, wani yake kira. Ɗa ɗaya gare ki, kuma a kan titi yake wuni."

Hannun Donna Nunzia ya tsaya cak. Ta sani sarai, uwarta ma haka ta koya mata. Ta ja numfashi, ta mai da farantan, ta koma ta zauna tana huci.

A haka Baba ya shigo yana goge hannu da tsumma. Ya ga mace cikin baƙi a kujerarsa, ya ga farin ƙyalle, ya ga romo. Bai tambayi komai ba. Ya wanke hannu ya jawo kujerar roba ya zauna, ita kuma ta zuba mana kamar yadda al'ada ta ce. Kaka ta tura mata faranti, ta ce mai kawowa ma yana ci. Jama'a, ban taɓa shan romo irin wannan ba. Na ƙara, ta zuba mini ba tare da ta kalle ni ba.

"Na gan ka a talabijin," ta ce wa Baba. "Kana rungume da ita. Na ga hannunta yana lilo."

Kaka ta tashi ta jawo Peppina daga bayan ƙofa ta kwantar da ita a benci. Donna Nunzia ta daɗe tana kallon idanun maɓallin nan. Sai ta sa tabarau, ta juya gindin buhun, ta bi ɗinkin da farce.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Ni ce," in ji Kaka. "Sai me?"

"Layi ɗaya? A kan yashi? Ko matashin kai ba a yi wa haka."

"Shekara nawa ina ɗinka su kafin a haife ki!"

"Shi ya sa suke faɗowa."

Baba ya sunkuyar da kai cikin farantinsa, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Da aka gama ta ce masa ita fa ta ga bidiyon irin jirginsa ba iyaka, duk suna kashe mutane.

"Ban ce ba a taɓa yin haɗari ba," in ji Baba. "Ana yi, kuma duk ɗan tafiya ya san sunan waɗanda abin ya shafa. Amma yau kin ga bidiyo guda ɗaya da kika san ƙarshensa. Uwata ce ke hawa kowace safiya bayan mutanen yashi. Ranar da ƙafarta ke ciwo, 'yata ce." Ya ajiye cokali. "Donna Nunzia, kin taka matakalata, kin ci a teburina."

"Matacciya na zo wa."

"To ga ta da rai. Yaya za mu yi da ita?"

Ni dai ƙasa nake kallo ina wasa da gefen ƙyalle. Donna Nunzia ta juya wajen benci. Ta kwance maɓallan rigata daga jikin Peppina ɗaya bayan ɗaya, ta karkaɗe yashin, ta duba inda shinge ya yaga hannun, ta ninke ta. Ta jera kwanukanta marasa wanki a kwando, ta ɗora rigar a sama ta rufe.

A bakin ƙofa ta juyo.

"Ke. Gobe bayan coci ki zo gidana ki karɓi rigarki. A can za ki sa ta, mu fito tare ta tsakiyar dandali, gari ya ga gawa tana tafiya." Ta dubi Kaka. "Ke kuma, da wane lokaci kike hawa abin nan?"

"Da sassafe, kafin ƙararrawar farko."

"Ku bar mini kujera kusa da ke. Ba zan ba da ɗana ga abin da a waya kaɗai na san shi ba. In na sauko da ƙafafuna, Ottavio, sai mu yi zancen da kake so."

Matakala ta yi kukanta, ta tafi. Kaka ta leƙa ta taga tana bin ta da kallo.

"A kujerar gaba zan sa ta," ta ce.

"Kaka, don girman Allah!"

"A gaba, na ce. Layi ɗaya, wai ni za ta gaya wa."

Jiya da yamma mutane ƙalilan ne suka hau Kububuwa. Da yawa sun zo, amma tsayawa suka yi daga nesa suna ɗaukar hoto, wasu suna nuna ni da baki. Ban damu ba. Ina cikin akurkina saƙon Saverio ya shigo.

*Mama ta kunna waya. Ta turo mini bidiyo.*

Na ce shi ke nan, ta koma gida ta sake tunani, ta nemo na wata ƙasar.

*Na ina ne kuma?* na tambaye shi.

Sai ya turo mini hoton fuskar wayarsa. Ni ce, cikin kayan aikin Baba mai maiƙo, ina ɗaga hannu ina cewa ga ni da raina. A ƙasa ta rubuta kalmominta biyu na kullum: *Ka gani?*

Yanzu gari ya fara wayewa. Baba ya zaga da mutanen yashi, Kaka ta ɗaura ɗankwalinta tamau, ni kuma ina nan a kan matakala. Ga wata mace can ta shigo ta bakin fili, jaka a hammata, tana tafe tana ɗaga kai tana kallon ƙololuwar dogo. Yau ba baƙi ta sa ba.